Wankin da Na Yi wa Bindigar Baba Saiti

Tana sa rigunansa cikin jaka, shi yana fitar da su. Ta sa uku, ya zare biyu ya jefa kan gado. A haka na same su da na leƙa ɗakin, guduma a hannuna, don hayaniyar da nake ji ta bango ta hana ni aiki.

"Yauwa, Tartsatsi, shigo ka zama shaida," in ji Baba Saiti. "Ka ga yarinyar nan? Wai naɗe ni za ta yi ta ɗauka kamar tsohuwar katifa."

"Malam Mai Walda, don Allah ka sa baki," in ji 'yarsa. "Jiya a banɗaki ya faɗi. Da ban zo ba, wa zai sani?"

"Ni zan sani," na ce. "Bango ɗaya ne tsakaninmu."

"To ka sani jiyan?"

Ban sani ba. Ina yankan ƙarfe, inji na kuka.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da shi. Gidan ɗakuna huɗu ne a jere, suna kallon tsakar gida mai tsawo, ƙarshenta bango. Rumfar waldata tana bakin ƙofa. Masu ɗakuna biyun farko sammako suke yi su dawo da yamma, ko a hanya muka haɗu ba lalle in gane su ba. Saura ni da shi. Matarsa ta rasu tun kafin in zo gidan. Tawa kuma ta tafi, ba mu haihu ba, kuma ba wannan zancen nake yi ba.

Aikinsa harbin ɓeraye da tantabaru a babban siton hatsi da ke bayan tashar manyan motoci. Ba a sa guba kusa da abinci, kyanwoyin wurin kuma sun ƙoshi har ɓera na tsallake su. Shekara talatin yana yi da bindigar iska guda ɗaya. Ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi daga tsakiya, sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, ya matsu, a sa 'yar ƙwayar dalma da ba ta kai ƙwayar wake ba, a mayar a rufe. Ƙararta kamar an mari katako. Don ba ya kuskure aka sa masa Saiti. Ni kuma ya sa mini Tartsatsi, ya ce rabi don walda, rabi don halina.

Ya zauna a bakin gado yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Uwata," don haka yake kiranta, "kin ce hannuna na rawa, kin ce idona ya mutu. To mu bar gardama. Ranar Asabar ki jera marafan kwalba biyar a kan bulo a gindin bangon can. Taku ashirin. In na kakkaɓo huɗu, ki bar ni a ɗakina. In ban kai huɗu ba, ni da hannuna zan zuge jakar."

Ta dube shi, ta dubi hannun. Malamar makaranta ce, ta saba da masu taurin kai.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Gobe ka bi ni asibiti, ka yi kwana ukun da likita ya ce."

"Kin ji ta ko? Uwarta sak. Ba ta taɓa ba ka ruwa ba ta karɓe kofin ba."

Washegari da za su tafi ya miƙo mini bindigar a cikin tsohon bargonta, da gwangwanin ƙwayoyin.

"Rataye ta kawai. Kada ka yi mata wayon nan naku na maƙera."

Na rataye ta. Kwana ɗaya ta yi a rataye.

Gaskiya ita ce ba na son ya tafi. Kullum in rana ta yi sanyi yana fito da kujerarsa, ni ma in fito da tawa, in dafa shayi, ya ce ya yi tsararo, in ce ya je ya dafa nasa. Wata rana iyakar hirar ke nan har duhu ya fara. Amma in ya tafi, da wa zan yi faɗan? Na yi ta juya abin a raina. Hannunsa ba ni da abin da zan yi masa. Idonsa ma haka. Ƙarfe kuwa aikina ne.

Na sauko da ita na karya, na ɗaga bututun sama na leƙa. Ciki ya yi toka-toka, dishi-dishi, ko layukan nan da suka murɗa a ciki da ƙyar ake ganinsu. Na ce, a'a, tsohon nan tsufa ya sa ya fara sakaci. A aikinmu ba a ɗora komai a kan datti. Ƙarfen da ba a goge ba, ko ka yi masa walda sai ya saki.

Na taɓa ganin yadda yake wanke ta, sau ɗaya a shekara. Ba ya zura mata sanda. Zaren kamun kifi yake ninkawa, ya zura ta baki ya fito ta baya, ya maƙala ɗan ƙyalle, ya jawo daga baya zuwa baki, a miƙe, kada zaren ya goga leɓen bututun. Haka na yi, ban kauce ba. Na yanka tsohuwar singiletina gunduwa-gunduwa. Ƙyallen farko ya fito baƙi ƙirin. Shi ƙyalle uku ko huɗu yake ja, busassu, ya tsaya alhali na ƙarshen da sauran toka a jikinsa. Ni na ɗauka ganda ce. Na jiƙa nawa da tina, ruwan nan da muke goge ƙarfe da shi kafin fenti. Na ja, na sake, na ja, na sake, har sai da ƙyalle ya shiga fari ya fito fari. Na bi da busassu. Da na sake leƙawa, ciki na ƙyalli kamar sabon cokali. Na bar ta a inuwa ta sha iska kwana biyu har warin ya fita, na naɗe ta cikin bargonta yadda ya naɗe.

Na ji daɗin kaina a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, mijin Malama, 'yar tasa, shi ya kawo su a mota. Bai ma kashe injin ba da farko, kamar wanda ya san yadda za a ƙare. Malama ta jera marafan a kan bulo. Ni na auna taku ashirin, na ajiye kujera. Baba Saiti ya zauna, auduga na manne a bayan hannunsa inda aka sa masa ruwa. Ya karya bindigar a kan gwiwa, ya laluba ƙwaya da yatsa ya sa, don abu na kusa ya daɗe da daina ganinsa sosai.

"Baba, ka gwada ɗaya a bango tukuna," in ji Malama. "Ba za mu ƙirga ba."

"Shekara talatin ina gwadawa."

Ya ɗaga. Ya daɗe. Tas! Ƙura ta tashi a jikin bango, yatsa uku hagu da marfin farko.

Ya sake ɗanawa. Tas! Wannan karon sama ta bi.

Biyu sun tafi, huɗu ba za su samu ba. Kowa ya san haka. Ya sa ta uku. Ta bugi bulon daga ƙasa, marfin ya ɗan girgiza ya tsaya a inda yake.

Ya kwantar da bindigar a cinya. Ya ɗaga hannun damansa ya miƙe yatsun yana kallo. Ko motsi ba sa yi.

"Ka gani, Tartsatsi? Ba ya ma rawa. Ashe har ya daina gaya mini gaskiya."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar zuge jaka.

Mijin ya ce shi ba a shiga masa gida da bindiga, ko ta iska ce, akwai yara. Baba Saiti bai yi musu ba. Ya ɗora mini ita a hannu biyu kamar ana miƙa jariri, ya shiga mota. Abin da na ce a raina a lokacin shi ne: an wanke masa bututu tas, kuma duk da haka ya kuskure, to lalle tsohon ya ƙare.

Sati biyar ban je ba. Ni ba na son gidan da za a ce ka cire takalminka a ba ka wani. Da yamma nakan fito da kujerata. Shayin ya riƙa yi mini yawa, don hannuna ya saba da awon mutum biyu, sai in zubar da saura a gindin bango. Mai gidan bai sa kowa a ɗakin ba, ya dai sa kwaɗo. Manajan sito ya aiko sau biyu yana tambaya, daga baya na ji sun sayo tarkuna.

Ranar da na je, na tarar da su a hawa na huɗu na wani dogon bene. Malama ta buɗe mini tana shirin fita makaranta, mijin ya riga ya fita, yara ma haka. Gida fes, ƙasa na santsi. Ba su wulaƙanta shi ba, kada wani ya ce na ce. An yi masa aski, rigarsa a goge, magunguna a jere a kan tire. An ajiye masa kujera a bakin taga, tagar kuma bangon wani benen take kallo. Talabijin na ta magana ita kaɗai. Ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifa, sauran jikin kuwa ya zube.

"Wa nake gani kamar Tartsatsi? An kori walda daga gari ne?"

"Na zo in ga ko ka mutu in karɓi kujerarka."

"Ka makara, ta fi ƙarfin ƙugunka."

Muka zauna. Ba shayi, ba tsakar gida, sai muka rasa abin faɗa. Ya tambayi ɓerayen sito, na ce suna gaishe shi. Can ya ce, "Tana nan?"

"Tana nan a rataye."

"Ka riƙa shafa mata ɗan mai a waje saboda tsatsa. A waje kawai."

Ni kuma, don in sanyaya masa rai, sai na ce, "Baba, ka daina sa abin a ranka. Kowa da ranar da zai ajiye aiki. Ka yi iyakar yinka, ni ma na yi nawa. Har bututun na wanke maka kafin ranar, tas, da tina, sai da ƙyalle ya fito fari. Abin ne dai ya zo."

Ya juyo gaba ɗaya daga tagar. Tun da na san shi bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

"Ka yi me?"

Na maimaita.

"Da sanda?"

"Da zare, yadda kake yi. Daga baya zuwa baki."

"To. Ƙwaya nawa ka ba ta bayan wankin?"

"Ban harba ko ɗaya ba. Ai cewa ka yi kada in taɓa."

Sai ya fashe da dariya. Dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, har na tashi na ɗebo ruwa. Ya ture kofin. Idonsa ya cika da hawaye, ban san na tarin ne ko na wani abu ba.

"Nan kam ka ji maganata," ya ce. "Kai, Tartsatsi. Kai, Tartsatsi! Shekara goma sha ɗaya kana kallona. In na gama jan ƙyalle me nake yi?"

"Zama kake ka yi ta harbin buhun yashi."

"Kai kuma kana cewa me?"

"Ina cewa ɓarnar ƙwaya."

"Bututu ba faranti ba ne. Cikinsa akwai 'yan ramuka da kaushi da ido ba ya gani. Duk ƙwayar da ta wuce tana barin ɗan shafen dalma, tana cike su. Sai ya sha talatin, arba'in, sannan ya kama hanya ɗaya. Wanda aka kankare tas kuwa, kowace ƙwaya da inda za ta nufa, ko mala'ika ne ya riƙe. Abin da ka kira datti, ni na tara shi da hannuna."

Na ce, "Zage ni, Baba."

"Ba ni da numfashin da zai kai zagin ya ishe ka."

Ya sake ɗaga hannun damansa kamar yadda ya yi a tsakar gida, ya juya shi gaba da baya.

"To ba kai ba ne," ya ce wa hannun. "Sati biyar ina jin haushinka, ashe ba kai ba ne."

Daga nan ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya ce in koma gida in cika buhu da yashi. In yanka kwali, in zana ɗigo a tsakiya. Ƙwaya biyar kowane kwali, daga gwangwanin nan nasa, kada in sayo wasu iri, don bututu da irin da ya saba da shi yake tafiya. In sa wa kowane kwali lamba in kawo masa.

Ni ban iya harbi ba. Don haka na yi dabarar da na sani: na ɗaure ta tamau a abin da muke matse ƙarfe a kan tebur, na harba goma. Na kai masa kwalaye biyu, ramuka a warwatse kamar kaji sun yi tsattsaga. Ya shafa su da yatsa.

"Matse ta ka yi."

"Don kada ta motsa."

"Kai komai sai ka matse shi. Shi ya sa matarka ta gudu."

Da wani ne ya faɗa, da sai an raba mu. Shi kuwa na ce, "Taka ai mutuwa ta yi don ta huta."

"Allah ya jiƙanta, ta huta ɗin kuwa." Ya miƙo tafin hannunsa a buɗe. "Sifirin ne a cikinta, dole ta yi tsalle kafin ƙwaya ta fita. Ka bar ta ta yi tsallenta, iri ɗaya kullum. Ɗora hannunka a kan buhu, ka buɗe shi haka, ka kwantar da ita a kai. Kada ka riƙe. Kunamar kuma ba fizga ake yi ba, lallaɓa ta za ka yi har ta ba ka mamaki."

Haka na riƙa yi. Na rufe rumfa da wuri, na zauna ni kaɗai a tsakar gida ina harbin kwali. Duk bayan kwana biyu in hau bene hawa huɗu da kwalaye a hammata. Ya daina kallon taga. Yana jin tafiyata a matakala zai fara, "Kawo, kawo." Ya ɗora kwalin a gwiwa ya bi ramukan da ɗan yatsa. Na huɗu ya ce da saura. Na shida ya ce ta fara tunawa. Na tara, ya ɗora babban yatsansa ya rufe ramuka biyar ɗin duka.

"Wannan da hannun maƙeri ke nan," ya ce. "To ina ga nawa?"

Ranar na tsaya a matakala na jira Malama ta dawo daga makaranta. Ta hawo da jaka a kafaɗa da ledar cefane. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta ajiye ledar a kan matakala.

"Wato kai ne."

"Ni ne."

"Ya ce kada ka taɓa, ka taɓa."

"Na taɓa."

"Ka san abin da ka yi kuwa? Tun da ya zo gidan nan bai yi mini musu ko sau ɗaya ba. In ce ci, ya ci. In ce kwanta, ya kwanta. Ni ubana ba haka yake ba. Sai kwanan nan ya fara cewa miyata ba gishiri, har na shiga kicin na yi kuka don murna." Ta share ido da bayan hannu. "Zuciyarsa ce ta kumbura, Malam. Likita ya gaya mini tun kwana ukun nan. Ko da ya kakkaɓo biyar ɗin, ban san ko zan iya cika alkawarin ba. Da na ga ya kuskure, wallahi daɗi na ji. Ka ga ni ma ba wanke hannuna zan yi ba."

"Ba cewa na yi ki mayar da shi ba. Yini ɗaya nake roƙo. Ya zauna a kujerarsa ya harba biyar ɗinsa."

"In ya kakkaɓo huɗu fa?"

"Sai ku yi faɗanku, ni in koma walda."

Ta ɗauki ledarta. Sai da ta hau taki uku ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Asabar. Ka karɓo makullin ɗakin."

Na karɓo. Na share ɗakin, na kakkaɓe katifar, na buɗe taga ya sha iska.

Ranar Asabar ni na goyo shi daga hawa na huɗu. Ƙyauren taga da nake ɗauka da hannu ɗaya ya fi shi nauyi. Yana bayana yana ba ni umarni: "A hankali, jakin banza, ba buhun siminti ka ɗauko ba." A cikin tasi yana ta kallon titi. Da muka wuce tashar manyan motoci ya ɗaga kai ya leƙa rufin sito, tantabaru sun yi layi a kai.

"Dubi 'yan iska," ya ce. "Sun ji labari."

Wajen ƙarfe goma muka iso. Na riga na ajiye kujerarsa da buhun yashi. Amma da na sauke shi a ƙofar ɗakin, leɓɓansa sun yi duhu, numfashin yana fita da ƙyar. Malama ta shimfiɗa farin zanen gado da ta zo da shi. Ya zauna a bakin gadon ya shafa bango, daidai inda kansa ya yi wa fenti duhu tsawon shekaru.

"Bari in ɗan miƙe bayana," ya ce. "Motar nan ta jijjiga ni. Kai je ka ɗumama ta, ina ji daga nan. Uwata, bar tagar a buɗe."

Na fita na zauna. Na jingina kwali a jikin katako a gindin bango. Na karya, na sa ƙwaya, na harba.

"Ka fizge!" Muryar ta fito ta taga, siririya amma da faɗa a cikinta. "Na ji ta a bango. Lallaɓa nake ce maka."

Na sake.

"Numfashi, Tartsatsi. Saki rabi ka riƙe rabi. Kana huci kamar injinka."

Na ji Malama tana cewa, "Baba, ka daina ɗaga murya."

"Ke bar ni. In ban yi masa tsawa ba ba ya ganewa."

Na saki rabi na riƙe rabi. Bindigar ta yi tsallenta a tafin hannuna. Katakon ya amsa, ƙwal.

"Yauwa," ya ce. "Wannan ta shiga."

Na harba ta huɗu. Ban ji komai ba. Na ce ko ta yi daidai ne, shi ya sa. Na harba ta biyar, da gangan na fizge kunamar, ta daki bango har ƙura ta tashi. Na jira.

Tagar na nan a buɗe. Wata mota ta wuce a titi. Can nesa wani yana buga ƙarfe.

Ban tashi ba. Na ɗauki wata ƙwayar na sa. Na harba. Na sa wata. Ban san ko nawa na harba ba, kwalin dai ya yage a tsakiya ya faɗo, na ci gaba da harbin katakon. Muddin ina harbi, to yana ji.

Na karya na sa wata ke nan, na ji motsi a bayana. Malama ce a bakin ƙofa, ba takalmi a ƙafarta, ta riƙe ƙyauren da hannu ɗaya.

"Malam Mai Walda," ta ce.

Bindigar na ɗane. Ba a ajiye ta a ɗane, sifirin zai gaji, shi ya gaya mini. Na juya bakinta cikin buhun yashi na lallaɓa kunamar. Ƙarar ba ta fi ta rufe littafi ba. Na jingina ta a kujerarsa na shiga.

Yana kwance a gefen dama, fuskarsa wajen taga, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Malama ta riga ta rufe masa ido. Ta tsaya a gefen gado tana ta motsa baki da addu'a, ta kama bakin zanen ta kasa ja. Na ce ta kawo. Na kama da hannu biyu na ja shi a hankali har ya rufe kansa, na gyara gefe da gefe.

Da na ɗauke hannuna sai ga shatin yatsuna a kan farin zanen, huɗu a nan, huɗu a can, toka-toka na dalma. Malama ta kai hannu za ta kakkaɓe. Ta tsaya, hannun a sama. Sai ta janye shi, ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon.